Kunnen Jita: Waiwaye Kan Shekaru Hamsin Na Neman Ƙarfi

A ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki, tsakanin gindin wuya da gadar da ke riƙe da su, akwai wani ɗan abu da tsawonsa bai wuce na yatsa ba, amma duk sautin da zai fito daga lasifika daga cikinsa yake tasowa. Masu sana'ar suna ce masa fikof, a Hausance kuma maɗaukin sauti ne, domin shi ne kunnen jitar. In aka buɗe shi, abin da za a gani bai bambanta sosai da cikin koyil ɗin janareta ba: maganaɗisu ne da siririyar wayar jan ƙarfe, mai kauri kamar silin gashi, an naɗe ta sau dubbai. Tsirkiyar ƙarfe na kaɗawa a saman maganaɗisun sai ta motsa ƙarfin jansa, motsin ya haifar da 'yar wuta a cikin naɗin wayar, wutar ta bi igiya zuwa amfilifaya, a can a ƙara mata girma har ta zama kiɗa. Tun farkon shekarun 1970 makaɗa a Amurka da Ingila suka ɗauki al'adar cire wannan kunne da kamfani ya sa, su maye gurbinsa da wani mai fitar da wuta da yawa, suna kallon hakan a matsayin ɗaga darajar jita. Abin da nake son nunawa shi ne cewa maɗauki mai ƙarfi magani ne da aka haɗa domin wata cuta ta wani zamani, cutar ta warke tun tuni, amma mutane da yawa suna ci gaba da shan maganin ba tare da tambayar ko har yanzu suna bukatarsa ba.

Waɗanda suka fara ƙera wannan abu tsabtar sauti suke nema. A farkon shekarun 1930, lokacin da George Beauchamp da kamfanin Rickenbacker suka fito da jitar nan da ake wa laƙabi da kaskon suya saboda siffarta, damuwar makaɗi ita ce a ji shi a tsakiyar masu busa ƙaho da masu ganga. Da kamfanin Gibson ya fito da ES-150 a 1936, Charlie Christian ya nuna cewa jita za ta iya jan baki a kiɗan jaz kamar yadda kowane abin busa ke yi. Babbar matsalar maɗaukan farko, masu naɗi guda, ita ce suna kwaso gunjin wutar gida tare da kiɗan, irin ƙugin da kowa ya sani a lasifikar da ba a jona da kyau ba. Seth Lover, injiniya a Gibson, shi ya shawo kan wannan da dabarar haɗa naɗi biyu gefe da gefe, ɗaya yana juya wa ɗaya baya, ta yadda gunjin da ɗaya ya kwaso ɗayan zai kashe shi, sautin tsirkiya kuwa ya haɗu ya ƙaru. An nemi rajistar ƙirƙirar a 1955, aka fara ɗora ta a kan jitar Les Paul a 1957. Saboda 'yar takardar da aka manna a ƙarƙashinsa mai nuna cewa ana jiran rajista, sai sunan PAF ya bi shi har yau. Kowane naɗi a cikinsa yana da zagaye wajen 5,000, in an auna turjiyar wayar da mita kuma takan tsaya kusa da om 8,000.

Ana cikin haka kunnen jama'a ya sauya. Abin da injiniyoyi ke ɗauka aibi, wato kaushin da sauti ke yi in an matsa wa amfilifaya fiye da ƙima, shi ya zama abin so. A 1951 a birnin Memfis an ɗauki waƙar Rocket 88 da amfilifayar da ta lalace a hanya, kaushinta ya zama wani ɓangare na daɗin waƙar. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks ya sa reza ya tsaga takardar lasifikarsa da gangan domin ya sami wannan gurnani. Daga tsakiyar shekarun 1960 Jim Marshall a Landan yana ƙera amfilifaya mai wat 100, wadda ke aiki da kwalaben lantarki irin na tsofaffin rediyo, ita ce kuma ta zama muryar kiɗan rok. Sai dai waɗannan amfilifayoyi maƙunnin ƙara guda ke sarrafa komai a cikinsu. Ba sa fara gurnani sai an murɗa su kusan ƙarshe, wat 100 a ƙarshen murɗi kuwa ƙara ce da ke girgiza bango ta bar kunne yana amsa kuwwa har washegari. Wanda ke kiɗa a filin da ya ɗauki dubban mutane ba shi da matsala. Saurayin da ke kiɗa a ƙaramin gidan rawa ko a garejin gidansu kuwa yana tsaka mai wuya: ko ya haƙura da sauti mai tsabta wanda ba shi yake so ba, ko ya kori kowa daga ɗakin.

A wannan giɓi ne Larry DiMarzio, wani matashi mai gyaran jita a birnin Niyok, ya shigo. A 1972 ya fito da maɗaukin da ya kira Super Distortion, wanda ake ɗauka shi ne na farko da aka riƙa ƙerawa da yawa domin a saya a maye gurbin na kamfani. Tunaninsa mai sauƙi ne. In ba za a iya murɗa amfilifaya har ta yi kaushi ba, to a aika mata da wuta mai yawa tun daga jita, ta yadda kwalbar farko za ta cika ta batse tun ƙarar ba ta kai ko'ina ba. Ya ƙara yawan naɗi har turjiyar ta haura om 13,000, ya ajiye maganaɗisun alniko da aka saba, wanda gami ne na alminiyam da nikel da kobalt, ya sa na seramik mai jan gaske. Hikimar da ta fi wannan ita ce ya yi shi daidai girman ramin da Gibson ta riga ta fafe a jikin jita. Mai jita zai sassauta tsirkiyoyi, ya kwance 'yan sukurori huɗu na zoben da ke kewaye da maɗaukin, ya buɗe murfin baya, ya ɗora bakin ƙarfen dalma mai zafi a kan mahaɗa biyu har su saki, ya zare tsohuwar waya, ya zura sabuwa ta cikin ramin, ya ɗiga dalma, ya mayar da komai. Aikin bai kai awa guda ba, ba a taɓa katako ba, in kuma bai ji daɗin sakamakon ba zai iya mayar da na da. Makaɗa irin su Ace Frehley na ƙungiyar Kiss da Dave Murray na Iron Maiden sun yi amfani da shi, bayan shekaru kuma aka same shi a jikin jitar Jaguar ta Kurt Cobain.

Ƙofar da DiMarzio ya buɗe ba ta sake rufuwa ba. Seymour Duncan, wanda ya yi aikin gyaran jita a Landan har ya naɗa wa Jeff Beck maɗaukai, ya kafa kamfaninsa a Santa Barbara ta jihar Kalifoniya a 1976, samfurinsa mai suna JB kuma, mai turjiya wajen om 16,000, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saye a duniya. A wannan shekarar ce kuma Rob Turner ya fara abin da ya zama kamfanin EMG, mai sa ƙaramar na'urar ƙara ƙarfi da batir mai bolt 9 a cikin jita. A ganina babban gadon wannan zamani yana nan ne, a cikin sauyin da ya kawo wa dangantakar makaɗi da kayan kiɗansa. Kafin lokacin, jita abu ne da kamfani ya gama magana a kansa, sai dai ka saya ko ka bari. Bayan nan ta zama kamar babur a hannun mai son gyare-gyare, kowane sashe nata ana iya tattaunawa a kansa. Eddie Van Halen shi ne misalin da ya fi fitowa fili: ya ciro tsohon PAF daga jitar Gibson, ya tsoma shi cikin narkakken kakin kyandir domin wayoyin su daina rawa suna kuka, ya fafe jikin wata jita mai siffar Stratocaster ya dasa shi. Da faifan ƙungiyarsa na farko ya fito a 1978, kamfanoni da kansu suka koma kwaikwayon abin da yaro ya haɗa a gida. Abin lura a nan shi ne maɗaukin da ya ba da wannan sauti da ya girgiza duniyar rok tsoho ne mai matsakaicin ƙarfi.

Duk ƙarfin da aka samu ta hanyar ƙara naɗi, da wani abu aka biya shi. Naɗin waya ba ya wuce da kowane sauti daidai wa daida. Yana da wani wuri a sama inda yake ɗaga murya, daga nan kuma sai ya yanke. Yawan zagaye yana jawo wannan wuri ƙasa, don haka maɗauki mai naɗi da yawa yakan cika tsakiyar sauti ya yi kauri, amma ya rasa ƙyallin sama, wannan 'yar ƙara da ke sa a ji bakin farce ko tsinken kiɗa yana taɓa tsirkiya. Doguwar igiya tsakanin jita da amfilifaya tana ƙara dusasar da shi. Na biyu, in wuta mai yawa tana cika kwalbar farko a kowane bugu, tazarar da ke tsakanin taɓawa a hankali da dukan ƙarfi takan ragu, makaɗin da ya saba magana da nauyin hannunsa sai ya ji kamar an rage masa haruffa. Na uku, maganaɗisu mai ƙarfi in ya matso kusa da tsirkiya yakan riƙe ta, ya rage mata tsawon kaɗawa, wani lokaci har ya karkatar da muryarta. Makaɗan 1972 sun san da wannan ciniki kuma sun amince da shi, domin abin da suke samu ya fi abin da suke bayarwa. Tambayar ita ce ko cinikin yana nan da riba a yau.

Amsar tana wajen amfilifaya, domin ita ce ta sauya. Tun farkon shekarun 1970 Randall Smith na kamfanin Mesa Boogie ya fara jera matakan ƙara ƙarfi ɗaya bayan ɗaya a cikin amfilifaya, kowanne yana tura na gabansa. A 1975 Marshall ta fito da samfuri mai maƙunni biyu, ɗaya na kaushi ɗaya na ƙara, wanda ya raba abubuwa biyun da a da suke ɗaure da juna. A 1979 Ibanez ta kawo Tube Screamer, ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa, mai yin aikin da maɗauki mai ƙarfi ke yi amma ana iya kashe shi a tsakiyar waƙa. A 1992 amfilifayar Peavey 5150 ta fito da gurnanin da ya wuce bukatar yawancin makaɗa. Daga POD na kamfanin Line 6 a 1998 zuwa Kemper a 2011, kwamfuta ta koyi kwaikwayon kowace irin amfilifaya a ƙarar da ba za ta tashi jariri daga barci ba. Kaushi, wanda a da ake wahala kafin a samu, ya zama abu mafi arha a duk jerin kayan kiɗa. Abin da ya zama mai tsada shi ne wanda ba a iya mayarwa in ya ɓace tun daga tushe, wato ƙyallin sama da bambancin taɓawa. Kasuwa ma ta shaida haka. Tsoffin PAF ɗin da aka riƙa cirewa ana jefawa cikin akwatin tarkace a shekarun 1970 yanzu dubban daloli ake sayensu, kamfanonin da suka yi suna da ƙarfi kuma kowannensu yana da jerin samfura masu kwaikwayon na 1957. A shekarun 1990 Seymour Duncan har ya haɗa kai da Seth Lover da kansa suka fitar da maɗauki mai ɗauke da sunansa. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Mai kiɗan metal zai ce wannan magana ba ta shafe shi ba, kuma yana da hujja. Wanda ke sassauta tsirkiyoyinsa zuwa ƙasa sosai, yana danne su da gefen tafin hannu yana bugu da sauri, yana bukatar sauti matsattse wanda kowane bugu zai fito daidai da ɗan'uwansa. Rage tazarar taɓawa, wanda na lissafa cikin hasara, a wurinsa riba ce. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, sai dai in an duba da kyau hujjar tana ƙarfafa maganata ne. Abin da yake saye a maɗaukin shi ne siffar sautin, wato ƙasa mai tauri da tsakiya mai kaifi, yawan wutar kuwa amfilifayarsa tana da fiye da abin da zai iya amfani da shi. Misali mafi kyau shi ne EMG 81, wanda James Hetfield da Kirk Hammett na Metallica suka yi suna da shi. Naɗinsa kaɗan ne, maganaɗisunsa bai cika jan tsirkiya ba, ƙarfin nasa daga batir yake zuwa. Wato tuni an gane cewa ana iya raba ƙarfi da yawan waya. Fishman Fluence da ya fito a 2014 ya ƙara nisa, ya bar naɗin waya gaba ɗaya ya koma jera siraran allunan lantarki da aka buga zagayen a kansu, har makaɗi yana iya zaɓar murya ta zamani ko ta da a cikin maɗauki guda.

Wani kuma zai ce ai jita mai araha ko ba komai tana amfana da sauyin, domin a nan ne kamfani ke tsuke hannu. Wannan ma gaskiya ne sau da yawa. Maɗaukin da ba a tsoma shi cikin kaki da kyau ba yakan yi kuka in an ƙara ƙara, wanda aka naɗa ba bisa ƙa'ida ba kuma yakan fito da sauti a cushe. Amma ingancin aiki daban, yawan wuta daban. Maɗaukai masu araha da yawa ma an riga an yi su da seramik da naɗi mai yawa, domin su burge mai saye a minti biyun farko a cikin shago, tunda kunnen ɗan Adam yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Mai irin wannan jita in ya sake sayen wani mai ƙarfi, ya ƙara gishiri ne a miyar da gishiri ya riga ya yi wa yawa. Haka kuma lambar om da ake bugawa a jikin kwali, wadda masu saye ke kallo kamar ƙarfin inji, tana ruɗarwa. Waya mai lamba 43 ta fi mai lamba 42 siranta, don haka za ta nuna turjiya mafi girma ko da yawan zagayen ɗaya ne. Lambar ba ta faɗin komai game da maganaɗisu, kuma shi ne rabin labarin. Kafin a kai ga ƙarfen dalma akwai abubuwan da ba sa cin ko sisi ko kuma kaɗan suke ci: juya sukurori biyu a ɗaga maɗaukin ko a sauke shi da milimita ɗaya, sa sababbin tsirkiyoyi, rage tsawon igiya, duba ko maƙunnin ƙarar mai om 250,000 ne a inda ya kamata a sa mai 500,000. Sau da yawa abin da ake zargin maɗauki da shi yana warwarewa a nan.

Akwai kuma wanda zai juyo da zargin kaina, ya ce yabon tsohon sauti shi ma talla ce, an dai sauya abin da ake sayarwa daga ƙarfi zuwa begen da. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin PAF na asali ba iri ɗaya ba ne, injinan naɗin lokacin ba sa tsayawa a lamba guda, wasu sun fito da kyau wasu ba su fito ba. Wanda ya biya kuɗi mai yawa domin takardar da ke manne a ƙasa ya faɗa tarkon da mai bin lambar om ya faɗa. Ni ba tsufa nake karewa ba, dacewa nake karewa, kuma shaida a kan haka tana nan kusa da mu. Kiɗan jitar Abzinawa, daga Tinariwen na Mali da suka ci kyautar Grammy a 2012 zuwa Bombino da Mdou Moctar na Nijar, ya ratsa duniya ne galibi a kan jita irin Stratocaster mai naɗi guda, wadda ba ta kai ko rabin turjiyar JB ba. Salon ya dogara ne kan yatsu masu gudu a kan tsirkiyoyin sama yayin da ta ƙasa ke ta amo ba yankewa, irin wannan saƙa kuwa tana bukatar kowane zare ya fito a fili. Duk wanda ya saurari faifan Afrique Victime na Mdou Moctar na 2021 ya san cewa gurnani bai yi masa ƙaranci ba. Ya same shi daga amfilifaya da akwatunan takawa, ya bar wa jitar kaifinta. Da an dasa mata maɗauki mai kauri da sunan ɗaga daraja, da an toshe abin da ya sa ake gane kiɗan Agadas daga bugun farko.

Don haka kalmar ɗaga daraja ita ce ya kamata a sake dubawa. Tana sa mutum ya ɗauka maɗaukai a jere suke kamar matakalar bene, mai rauni a ƙasa mai ƙarfi a sama, alhali kuwa sun fi kama da bambancin kalangu da ganga, kowanne da wurin da yake magana. Mutanen 1972 ba su yi kuskure ba. Sun saurari kayan da ke gabansu, suka gano inda abin ya gaza, suka gyara wurin da hannunsu. Wanda ya gaji wannan ɗabi'a da gaske shi ne makaɗin da zai zauna da jitarsa da amfilifayarsa ya faɗi a fili abin da ya rasa: ko ƙasan ne ke yin laushi in ya yi sauri, ko saman ne ke soke kunne, ko tsirkiyoyi ne ke cakuɗewa in ya haɗa su. In amsar ta kai shi ga Super Distortion, to ya saya da zuciya ɗaya, domin har yau ana ƙera shi kuma har yau yana yin abin da aka yi shi dominsa. In kuma ta kai shi ga sauke maɗaukin da yake da shi da rabin juyin sukuru, ya sami abin da yake nema da sukundireba kawai, kuɗin kuma ya saya tsirkiyoyi.